Gwajin Jini Da Haƙƙin Yaro

Karatu: 1 Sarakuna 3:16-28, Matiyu 1:18-25

Wata ran Lahadi bayan an tashi sujada a nan Tamale, wani magidanci ya tsaya har kowa ya watse, sa'an nan ya ce mini, "Fasto, mutane suna cewa 'yata ba ta kama da ni. Na tara kuɗi zan je Akra a yi mana gwaji. Zunubi ne in nemi sani?" Yarinyar shekararta 9. Na ce masa neman gaskiya ba zunubi ba ne. Amma na tambaye shi, "In takarda ta ce ba jininka ba ce, wa zai kai ta makaranta ran Litinin?" Ya yi shiru.

Gwajin da yake nufi shi ne na ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA. Kowane mutum ya gaji rabin waɗannan ƙwayoyi daga uwa, rabi daga uba. Sai a goga auduga a cikin kumatun yaro da na mutumin, a gwada a gani ko sun dace. Idan an yi shi bisa ƙa'ida, da wuya ya yi kuskure.

Ko ka san a kan ɗan Gana aka fara amfani da wannan ilimi? A 1984 ne wani masani mai suna Alec Jeffreys ya gano shi a Jami'ar Lesta ta Ingila. A 1985 aka kawo masa maganar wani yaro da ya zo Gana wurin mahaifinsa, ya koma Ingila wurin mahaifiyarsa, sai hukumar shige da fice ta yi shakkar ko ɗanta ne. Aka gwada jininsa da na matar da na sauran 'ya'yanta, aka tabbatar ɗanta ne, aka bar shi ya zauna. Ka ga aikin farko da gwajin nan ya yi shi ne haɗa uwa da ɗa.

Amma yakan raba kuma. Nii Odartey Lamptey, wanda ya zama gwarzon 'yan wasa sa'ad da Gana ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Italiya a 1991, ya gano ta gwaji a 2013 cewa yara uku da ya rena ba jininsa ba ne. Auren ya mutu. Wa zai ce zafin da ya ji ƙarami ne? Kada mu raina hawayen namijin da aka yaudara.

To, ina mai bi zai tsaya? Gwaji yana amsa tambaya ɗaya kawai: jinin wane ne? Ba ya faɗin abin da ya wajaba ka yi wa yaron da ya tashi yana kiranka Baba. Wannan amsa ba ta fitowa daga ɗakin gwaji, daga zuciyarka take fitowa.

Ka tuna da mata biyu da suka yi gardama a kan jariri a gaban Sarki Sulemanu. Ba shi da na'ura. Abin da ya nema shi ne wadda za ta yarda ta yi hasara domin yaron ya rayu, ita ce kuwa ta zama uwar gaske. Ka tuna da Yusufu kuma. Ya sani sarai cikin Maryamu ba nasa ba ne. Tun kafin mala'ika ya bayyana masa cewa ba ta yi laifi ba, ya riga ya ƙudura ba zai tona mata asiri ba. Daga baya ya raɗa wa yaron suna, ya gudu da shi Masar da dare, ya rene shi har mutanen Nazarat suna kiran Yesu ɗan masassaƙi. Mu ma da muke kiran Allah Uba, karɓarmu ya yi ta wurin alheri.

Ko dokar ƙasarmu ta gane nauyin abin. Dokar shaida ta 1975 tana ɗaukar yaron da aka haifa cikin aure a matsayin ɗan mijin, sai an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Dokar yara ta 1998 kuma ta ba kotun iyali ikon sa a yi gwaji idan ana jayayya a kan wane ne uba. Nan gwaji yakan zama kariya ga yarinyar da aka yi wa ciki aka gudu, da matar da dangin miji suke so su hana ɗanta gādo.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka je, ka binciki kanka. Hujja gare ka, ko maganar zaman majalisa ce? Kama ba shaida ba ce, yaro yakan ɗauko kakan da ba ka taɓa gani ba. Idan gwaji ya wanke matarka, da wane ido za ka dube ta? Idan bai wanke ta ba, ka tuna yaron bai yaudare ka ba, shi ma yaudararsa aka yi. Ban ce dole ka yi kamar ba abin da ya faru ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kada yaro ya ji labarin asalinsa a bakin rijiya.

'Yar'uwa, ke kuma idan akwai abin da kike ɓoyewa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara ki nemi dattijuwa mai riƙon amana ko fastonki, ki faɗa da bakinki, da a ce takarda ce ta faɗa.

Mutumin nan bai gaya mini ko ya je Akra ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ina dai ganinsa da safe a kan babur, yarinyar tana bayansa da jakar makaranta, ta riƙe rigarsa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya da ƙarfin ɗaukarta. Ka warkar da gidajen da zato ya shiga, ka kiyaye yaran da ba su san komai ba. Cikin sunan Yesu, Amin.