Waƙar Ayoyi da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa, buɗe ido ka yi lura,
Ayar Ta'ala ba ta ɓoye kanta ba.
Shamuwa in ta sauka a kan tsamiya,
Ba manomin da bai wasa hauyatai ba.
Fara ta sauka da kaka, duk mun gani,
Amma ba mu rufe bakin rumbu ba.
Rana ta yi duhu, muka ɗau gwangwani,
Ba mu miƙe ga salla muka tuba ba.
Mai awo ya rage tiya a kasuwa,
Wannan alama ba mu ji tsoronta ba.

SHARHI

Ku sani, ya ku ƴan'uwa, aya daban, camfi daban. Camfi shi ne mutum ya ji kukan mujiya ya ce wane zai mutu. Aya kuwa ita ce abin da zai tashe ka ga tuba da aiki.

Baiti na uku a kaina na faɗe shi. A shekara ta 2004 fara ta sauka a ƙasarmu ta Nijar, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Na gani da idona, amma na sayar da hatsina da kaka don araha ta rufe mini ido. Da yunwar 2005 ta kama Maraɗi da Damagaram da Tawa, sai ga ni ina sayensa da bashi, iyalina suna cin tafasa. Annabi Yusufu, da ya fassara mafarkin sarki, umurni ya yi a ajiye hatsi cikin zangarniyarsa har shekara bakwai.

Baiti na huɗu, husufin ranar 29 ga Maris 2006 nake nufi. Wata ne ya shiga tsakaninmu da rana, masana lissafi kuwa sun faɗi lokacinsa tun bai zo ba. Wannan bai hana shi zama aya ba. Ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah ya rasu an yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana su faɗin haka, ya umurce su da salla da addu'a da sadaka.

Baiti na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro. Mutanen Annabi Shu'aibu tauye mudu suka yi, aka halaka su. Wanda ya fito wazifa ya koma kasuwa ya rage tiya, ya binciki zikirinsa.

Allah ya sa mu ga aya mu tuba tun ba ta zama azaba ba. Amin.