Ta'aziyyar Maigidana

'Yata,

Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan wannan yaro, ya sa mai ceto ne a gare ku, ya ba ki ladan jinyar shekara goma sha ɗaya. Na yi miki wannan gaisuwa ranar da aka kai shi, na sake yi ranar sadakar uku, amma gida cike yake da jama'a, kuma akwai maganar da ba a yin ta a tsakiyar taro. Shi ya sa na rubuto.

Kin san ban taɓa kama sunansa ba, tunda sunan Yaya ya ci. Maigida nake ce masa, yadda kowace kaka take tsokanar jikanta. Ke shaida ce, in na yi sallama na ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" sai ya wage baki, murna ta kama jikinsa gaba ɗaya, hannu ya yi nan ƙafa ta yi can. Bai taɓa mayar mini da amsa da harshe ba, amma bai taɓa barin tsokanata ta faɗi ƙasa ba. Ya san muryar kowa a gidan nan. Ya san wanda yake ƙaunarsa, ya san wanda yake ɗauke kai. Wanda muka rasa ke nan, mutum cikakke, mai abin da yake so da abin da ba ya so.

Na faɗi haka ne saboda wata magana da na ji ana ta maimaita miki a zaman makoki: "Ya huta, ke ma kin huta." Waɗanda suka faɗa ba da mugun nufi suka faɗa ba, sun ga wahalarki ne suka rasa abin cewa. Amma na ga yadda kike sunkuyar da kai duk lokacin da aka faɗa, na kuma san abin da yake ranki. Uwa ba ta hutawa da ɗanta. Da yaron da yake zuwa makaranta da ƙafarsa ne ya rasu, ba wanda zai buɗi baki ya ce miki kin huta, kuma rashinki bai gaza na waccan uwar da ko ƙwayar zarra ba. Wataƙila ma naki ya fi shiga jiki, domin shekara goma sha ɗaya ba ki da wani agogo sai shi. Juya shi cikin dare, dama masa koko, zaman ba shi abinci cokali bayan cokali, wanka, goyo har bayanki ya fara ciwo. Yau gari yana wayewa hannunki ba abin da zai kama. Ki yi kukanki, 'yata. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim da ya rasu bai kai shekara biyu ba, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya kuwa sanar da shi cewa wannan hawayen rahama ne. In kuma wata rana kika farka kika tarar kin yi barci har asuba ba tare da kin tashi ba, jikinki ya yi miki sakayau, kada ki ɗauka kin ci amanarsa. Jiki ne yake karɓar haƙƙinsa.

Akwai wani abu kuma da na san yana cin ki, domin kin taɓa faɗa mini shi da bakinki: "Gwaggo, da na kai shi asibiti da wuri." Ina so mu tsaya a nan sosai.

Kwanansa uku a duniya idonsa ya yi ɗorawa. Kina da shekara goma sha tara, haihuwar fari, kina ɗakin jego. Duk wanda ya leƙo sai ya ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo, za ta wuce. Akwai gaskiya a ciki, domin jarirai da yawa suna yin ta ta wuce. Abin da ba wanda ya gaya miki shi ne akwai wadda ba ta wucewa. Idan jinin jariri yana fashewa da sauri, ko don jininsa bai dace da na uwarsa ba, ko don wani rauni na gado da ya fi yawa a 'ya'ya maza a ƙasashenmu, wanda ko kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kayan jariri yana iya tayar da shi, sai abin da ke sa idon ɗorawa ya taru ya fi ƙarfin hantarsa, ya haura ƙwaƙwalwa. Alamarsa ita ce jariri ya ƙi kama nono, ya yi ta barci ko ya riƙa wani kuka mai tsini, ya sanƙare yana banƙarewa. In an kai da wuri, a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila ake kwantar da shi, in ta yi tsanani a yi masa musayar jini. In an makara, abin da ta taɓa ba ya dawowa. Kwanaki kaɗan ne tsakanin wannan da wancan. Yanzu ki gaya mini, a cikin duk matan da suka cika ɗakin nan, da manya da yara, wa ta san wannan? Ba a kama mutum da laifin abin da duk unguwa ba ta sani ba. Ranar da kika gane akwai matsala, a ranar kika saɓe shi kika fita, kuma tun daga ranar ba ki ajiye shi ba.

Haka ciwon ƙirjin da ya zama ajalinsa. Yaran da haɗiya take yi wa wuya, abinci da yawu sukan zarce musu huhu komai kulawar mai ba su, kuma limoniya tana cikin abin da ya fi ɗauke su a ko'ina, har a ƙasashen da asibiti yake bakin ƙofa. Kwanansa ne ya ƙare. Ba sakacinki ba ne.

Ba zan daɗe a kan masu cewa ɗan ruwa ne ba, da waɗanda suka ba ki shawarar a kai shi bakin kogi a ajiye, wai aljanu ne suka yi musaya. Kin ba su amsa da shekara goma sha ɗaya. Amma na san abin da irin wannan magana ta jawo: kin daina zuwa biki, kin daina zuwa suna, saboda kallo da ƙus-ƙus, da masu ciki da suke kawar da fuska. Duniyarki ta dawo ɗaki da tsakar gida da hanyar asibiti.

Mu mutane ne da suka iya zaman makoki. Kafin a gama haɗa gawa an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun ɗora tukwane, na Fagge ya zo, na Ɗorayi ya zo, na ƙauye ya kamo mota. Wannan abin alfahari ne, Allah ya bar mu da shi. Sai dai na dubi taron nan na kwana uku, na ce da za a raba shi a kan shekarun da yaron nan ya yi a raye, da ba ranar da za ki yini ke kaɗai. Muna da tsarin rakiyar mamaci, muna da na mai jego har ta yi arba'in, amma ba mu da tsarin zama da uwar da jinyarta ba ta da ranar ƙarewa. Abin mamaki, tun zamanin da ƙasar Hausa ta san masu lalura suna bukatar junansu. Makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka, kowa da inda yake kai kukansa. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki da aka fi sani da karatun kurame da makafi. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, a 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Duk wannan alheri ne. Amma yaron da ba ya zama, ba ya magana, ba shi da bakin da zai kai ƙara sai na uwarsa, ita kuwa tana cikin gida. Doka ba za ta yi sallama ta karɓe shi awa ɗaya ki samu ki yi wanka ba. Wannan aikin mutum ne.

To, a cikin duk waɗanda suka zo miki gaisuwa, akwai wasu mata da ban san su ba sai a ranar. Sun shigo tare bayan la'asar, biyu daga cikinsu da goyon yara manya, ƙafafu suna reto har gwiwa. Aka ce mini abokan layinki ne a wajen gashin ƙashi. Ba wadda ta ce miki kin huta. Ɗaya ta zauna ta riƙe hannunki, ba ta ce komai ba, kuma a gabansu ne kaɗai na ga kin saki kuka na gaske. Daga baya ƙanwarki take ba ni labarin abin da kuke yi a kan bencin asibiti kafin a kira suna. A nan wata ta koya miki ki riƙa dama kokon da kauri, ki zaunar da shi sosai kafin ki ba shi, don kada ya ƙware. A nan kika samu kafintan da ya yi masa kujera mai tokare kai da ƙugu. Ke kuma kika koya wa wata cewa ba a yanke maganin farfaɗiya rana ɗaya don an ga sauƙi, kuma in abin ya tashi ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, a gefe ake kwantar da yaro a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kun san mai adaidaita sahun da ba ya ɓata rai in ya ga kujera. Kun san wadda aka saka saboda ɗanta, kun yi mata karo-karo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ku ne masu ɗakin.

Roƙona gare ki shi ne kada ki bari mutuwarsa ta raba ki da matan nan. Za ki ji kamar ba ki da sauran hurumi a cikinsu tunda bayanki ba goyo. Su ma za su ji nauyin kiran ki, kada ganin 'ya'yansu ya fama miki ciwo, kuma a can ƙasan ransu akwai tsoron da ba sa faɗa, domin abin da ya same ki shi kowace take kwana da shi. In kowa ya yi kara, shiru zai shiga tsakani, ki rasa ɗa ki kuma rasa mutanen da suka fi kowa sanin ko wane ne shi. Wa zai tuna miki ranar da ya fara riƙe wuyansa in ba su ba? Da su za ki yi hirarsa ki yi dariya ba tare da an ce ki daina tuna baya ba.

Ba yau nake nufi ba, ba kuma gobe ba. Sai ranki ya natsu. Amma ga abin da nake da shi: tsakar gidana tana da faɗi, akwai inuwar darbejiya, ba matakala a ƙofa. In kun ga dama ku riƙa haɗuwa a nan ko da sau ɗaya a wata, ku zo da yaran, ba mai kallon kowa. Ku yi hira kawai, in hirar ta kai ga adashi ku yi. Ni da za ku ji tawa, har adashin lokaci sai ku yi: yau wannan ta riƙe yara biyu waccan ta je dubiyar mahaifiyarta, wani makon a juya. Kuma duk wadda ta ji labarin wata uwa a lungunsu da take ɓoye nata a ɗaki, ta je ta yi mata sallama. Na tabbata a unguwar nan kaɗai suna da yawa, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Ilimin da kika tara a shekarun nan bai bi shi kabari ba. Wata yarinya tana nan da jariri ɗan kwana uku mai ɗorawar ido, ana ce mata ta shanya shi a hantsi, kuma maganarki za ta fi shiga kunnen tsofaffin ɗakin fiye da ta kowa.

Ki karanta wa maigidanki wannan sashe, ko ki ba shi ya karanta. Ɗana, sannu da haƙuri. Na san gidajen da irin wannan jarrabawa ta watsa, aka ɗora wa mace laifi, aka ce daga danginsu ne. Kai ka tsaya. Kai kake ɗaukarsa a kafaɗa ranar asibiti, kai kake yi masa aski da hannunka. Amma na lura da ku maza: a majalisa za a yi zancen siyasa da ƙwallo da tsadar masara har dare ya raba, ba wanda zai ce yau ɗana bai yi barci ba. Ka yi shekara goma sha ɗaya kana haɗiyewa, yanzu ma an ce maka namiji ba ya kuka. Matan nan suna da mazaje, kuma abin da yake cikinka yana cikinsu. Ka nemi ko mutum ɗaya a cikinsu. Ka kuma yi wa liman magana, tunda yana jin taka, ya ware huɗuba guda a kan haƙƙin waɗannan yara da iyayensu. Abin faɗa ba zai yi masa wuya ba: Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, kuma an sha bar masa riƙon Madina in za a fita.

Malamai sun karantar da mu hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah ya mayar da al'amari gare shi, ana gina masa gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi. Na ji abin da ya fara fita daga bakinki da aka tabbatar miki ya cika, ina kuma yi muku kyakkyawan zaton wannan gida, ku biyu. Shi kuwa ba a taɓa rubuta masa zunubi ko ɗaya ba. Allah ya haɗa ku da shi a can, yana tsaye da ƙafarsa, ya kira ki da bakinsa.

Zan shigo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in Allah ya yarda. Kada ki ɗora mini tukunya, zan taho da abinci. Ki tanadar mini lambar matar nan da ta riƙe hannunki, ina so in yi mata godiya, in kuma ji ranar da ta fi musu sauƙin fitowa.

Gwaggonki.