Sallar Mai Ciwon Tsoka Da Targaɗe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani Allah Ya halitta tsoka fiye da 600 a jikin ɗan Adam, da su muke tsayuwa da ruku'u da sujada. Amma tsoka takan yage idan aka ɗaga kaya fiye da kima, kamar yadda yake samun ɗan dako da manomi. Takan ɗaure idan gumi ya yawaita lokacin bazara. Gaɓa kuma takan yi targaɗe. Likitoci sun ce farkon maganin irin wannan rauni shi ne hutu, da sanya ƙanƙara ko ruwan sanyi cikin kwana biyun farko, ba murza da ƙarfi ba. Idan kumburi ya ƙi sauka, ko ƙafa ta kasa taka ƙasa, sai a garzaya asibiti.

To, ina hukuncin salla? Wasu suna ganin ciccije wa zafi a miƙe tsaye shi ne tsoron Allah, har raunin kwana bakwai ya koma na watanni. Wannan kuskure ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya faɗo daga kan doki, ya ji ciwo a ɓarinsa na dama, sai ya yi salla a zaune. Wane ne ya fi shi taƙawa?

Malaman Malikiyya sun jera matakai. Wanda ya kasa tsayuwa da kansa ya jingina. In ya kasa, ya zauna a harɗe. In ya kasa, ya kwanta a ɓarin dama, ko na hagu, ko rigingine. Wanda bayansa ya hana shi sunkuyawa sai ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa. Wurin da aka ɗaure kuwa, shafa a kan ɗaurin ta wadatar a alwala.

Jiki amana ne, za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Salla ba ta faɗuwa matuƙar akwai hankali, amma Allah bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum.