Aron Akawun ɗin Gem Tsakanin 'Ya'yanmu: Nasiha Ga Iyaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, maganar wannan makon wasu za su ce ta yara ce. Mu ma haka muka ɗauke ta, sai da ta zo gaban kwamitin masallaci ta ci mana dare biyu.

Ga abin da ya faru, ba tare da kama suna ba. Wasu bayin Allah guda biyu, 'yan gari ɗaya, mota ɗaya ta kawo su Lafiya shekaru da dama da suka wuce. Ɗaya yana harkar riɗi, ɗaya yana lodin doya zuwa Kano. Mai riɗin ya saya wa ɗansa na'urar gem, yaron ya buɗe akawun, ya roƙi baban ya sa masa katin banki don a sayi wasan ƙwallo guda ɗaya. Aka saya, aka manta ba a cire katin ba. Yaro ya ba abokinsa, ɗan mai doya, lambar sirri don shi ma ya riƙa bugawa. Shi kuma ya ba wani abokinsa a wani gidan gem. Kafin wata ya ƙare, alat yana ta shigowa wayar Alhaji yana tsakiyar ciniki, kuɗin da ya fita ya kai na buhun shinkafa. Daga baya wani ya canza lambar sirrin, akawun da duk wasannin da ke ciki suka tafi. Mai riɗi ya ce ɗan mai doya ɓarawo ne. Mai doya ya ce ai ba shi aka yi, bai sata ba. Matan gida suka daina gaisawa, mazan suka daina tsayuwa a sahu ɗaya. Alhamdu lillahi an sasanta, amma Malam Liman ya ce a rubuta abin da aka tattauna don kowa ya amfana.

Da farko, kada wani ya fahimci cewa muna hana aro. Aro alheri ne. Allah ya zargi masu hana taimako da ƙananan kayan amfani a ƙarshen Suratul Ma'un, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a zamanin Manzon Allah suna lissafa aron guga da tukunya cikin wannan. Mu da muke zaune nesa da garuruwanmu mun fi kowa sanin haka. Wane ne a cikinmu bai taɓa aron mudu, ko sikeli, ko baro, ko cajar waya a wajen maƙwabcin rumfa ba? Yaron da ya bar ɗan'uwansa ya buga gem ɗinsa, tarbiyya mai kyau ya nuna, ba za mu kashe masa wannan zuciyar ba.

To amma aro yana da dokoki. Manzon Allah da kansa ya ari sulke a wajen Safwanu ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunaini, ya kuma tabbatar masa cewa aro ne da za a lamunce masa a mayar. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an bayyana cewa kayan aro mayar da su ake yi, kuma mai aro yana biyan abin da ake iya ɓoyewa idan ya salwanta a hannunsa. Wanda aka ba lambar sirri don ya buga wasa, izinin wasa aka ba shi kawai. Ba a ba shi izinin sayen komai da katin da ke ciki ba, ba a ba shi izinin miƙa wa wani ba. Ya yi ɗaya daga ciki, ya ƙetare iyaka, biya ya hau kansa. Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mayar da amana ga masu ita. Lambar sirri amana ce kamar mukullin shago.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba mu mamaki. Yawancinmu muna zaton in ka sayi gem a intanet ya zama naka kamar buhun masara, ka ga dama ka kyautar, ka ga dama ka sayar. Ba haka ba ne. Abin da kamfanonin suke sayar maka izinin amfani ne bisa sharuɗɗa, kuma ka danna ka amince kafin ka biya. Malam ya ce malaman Malikiyya, irin su Imam Ƙarafi, sun bambanta tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu har yana iya ba da shi haya ko aro, da wanda aka ba izini shi kaɗai ya amfana. Ku 'yan kasuwa kun san wannan: in aka ba ka rumfa da sharaɗin ba za ka saka wani a ciki ba, ba ka da ikon sakawa ko da kai ke biyan kuɗin. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alƙawura, ba ta ce sai in da Musulmi aka ƙulla ba. Haka kuma majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wanda ya wallafa ko ya ƙirƙiro abu haƙƙi ne da shari'a ta kare.

Abin daɗin shi ne su kansu kamfanonin sun buɗe ƙofar rabawa ta halal. Steam, inda ake sayen gem na kwamfuta, ya fito da tsarin iyali a watan Satumba na 2024: mutum shida na gida ɗaya, kowa da akawun ɗinsa, suna amfani da wasannin juna ba tare da an ba wani lambar sirri ba. In kwafi ɗaya aka saya, mutum ɗaya ne zai buga shi a lokaci guda. Wanda ya shiga wani iyali ba zai koma wani ba sai shekara ta cika daga shigarsa. Sannan ku lura da wannan: in wanda ka ara wa ya yi maguɗi a cikin wasan aka dakatar da shi, kai mai wasan ma za a dakatar da kai. A tsarin iyali na Google da na Apple ma mutum shida ne, kuma a na Google shugaban iyali ne ke ɗaukar nauyin abin da aka saya da katin iyali, sannan dole a kasance a ƙasa ɗaya. A PlayStation kuwa, mai akawun yana iya saita na'urarsa yadda duk wanda ke amfani da ita zai buga wasanninsa da nasa akawun.

Wani ya tambaya a zaman: “Malam, mu da iyalinmu ke rabe, wasu a Tudun Gwandara ko Bukan Sidi, wasu a Katsina, wasu ma a Maraɗi, yaya za mu yi?” Amsar Malam gajera ce: a karanta sharaɗin. Inda aka ce 'yan gida ɗaya, a tsaya nan. Inda aka ce ƙasa ɗaya, kada a yi ƙaryar adireshi don a saka ɗan'uwan da ke Nijar. In kana son faranta wa ɗan ƙaninka, saya masa nasa, ka samu ladan zumunci.

Akwai kuma masu sayar da gurbi a akawun ɗaya ga mutum biyar ko goma a farashi mai sauƙi. Matasanmu masu gidajen gem da masu tura wasanni a waya, ku ji tsoron Allah a nan. Kuna sayar da abin da ba ku da ikon sayarwa, kuma ranar da aka rufe akawun, kuɗin mutane ya tafi, ba ku da abin mayarwa. Arha irin wannan ba ta da albarka.

Mu iyaye kuma, laifin farko namu ne. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Muna fita kasuwa bayan asuba, mu dawo bayan isha'i, ba mu san me ke cikin wayar yaro ba. Wanda zai ƙirga buhu ɗari bai yi kuskuren ɗaya ba, bai kamata ya bar katinsa a na'urar yaro ɗan shekara goma sha biyu ba. Don haka kwamiti yana ba da shawara kamar haka. A cire katin banki daga na'ura da zarar an gama saye, ko a saita yadda ba za a sayi komai ba sai da izinin babba. Kowane yaro ya sami akawun ɗinsa, lambar sirrin babban akawun ta tsaya a hannun uba ko uwa. Abokin da ke son bugawa ya zo gida su buga tare, a ba shi ruwa da abinci, in an kira salla a kashe na'ura su taho masallaci. A duba abin da ke cikin wasan, domin wasu suna da tsiraici, wasu kuma ana biyan kuɗi a buɗe akwatin da ba a san abin da ke ciki ba, abin da hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca tun 2018. In ɓarna ta auku, a zo wajen dattawa tun kafin magana ta kai ga mata da dangi a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutanen Lafiya sun karɓe mu, sun ba mu wurin zama da wurin nema, suna ba mu kaya bashi saboda sun san mu da riƙon amana. Yaron da ya saba miƙa lambar sirrin abokinsa ga wani, gobe shi za mu bar wa mukullin shago da littafin bashi. Gara ya koyi riƙon amana tun a kan gem.

Ranar Lahadi bayan sallar la'asar, wasu matasanmu da suka san harkar za su zauna a harabar masallaci don taimaka wa duk wanda ke son a cire masa kati ko a saita masa wayar yaro. Kyauta ne. A zo da wayar da yaron tare, kuma kowa ya danna lambar sirrinsa da hannunsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da Jihar Nasarawa da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin kwamiti.