Hakkin Wanda Ciwo Ya Ɗaure Wa Harshe

Wannan mako za mu amsa takardar wani ɗan'uwa daga Furfuri, cikin ƙasar Bungudu. Mahaifinsa ya sami shanyewar ɓarin jiki na dama bayan girbi, ya tashi, amma magana ta ƙi fita. Sai ga abin mamaki: yana jan Fatiha har ƙarshe, alhali ya kasa kiran sunan uwargidansa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce hankali ya gushe, a karɓe gonar.

To, ɗan'uwa, ba jifa ba ne. Galibi hawan jini ke toshe jijiya a ƙwaƙwalwa ko ya fasa ta. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna cewa mazaunin furuci yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne kuma ke juya hannun dama da ƙafar dama. Shi ya sa ciwon dama ya fi tafiya da harshe. Abin da aka haddace tun makarantar allo kuwa, mai ƙira'a da rauji, sau da yawa yakan tsira. A 1973 likitoci a Boston ta Amurka suka gina hanyar magani a kan wannan, watau koya wa majinyaci rera kalma kafin ya faɗe ta.

Ashe ke nan Fatihar nan ita ce bakin zaren. A zauna da shi kullum, lokaci kaɗan safe da yamma, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana. A fara da sallama, da tasbihi, da ƙirga, sa'an nan ruwa, fura, buta, ana nuna masa abin. A yi tambayar da za a amsa da i ko a'a. Kada a ƙwace kalma daga bakinsa, kada a daka masa tsawa kamar kurma, kada a bar jikoki su yi dariya. Watannin farko sun fi saurin amfani, amma sauƙi yana ci gaba har shekaru. A riƙa kai shi asibiti a Gusau, ko na Gwamnatin Tarayya ko na Yariman Bakura, a kiyaye maganin hawan jini. Addu'a da tofi ba su hana wannan ba. Annabi Musa, alaihis salamu, ya roƙi Ubangiji a Suratu Ɗaha Ya warware masa ƙullin harshe, ya kuma nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. Kai ne Harunan mahaifinka.

Game da salla, malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya kasa furta kabbarar harama niyyarsa ta isar masa, karatun da ya gagare shi kuma ya faɗi daga kansa. Ya yi a zaune in tsayuwa ta gagara.

Amma batun gona, lalle ku ji tsoron Allah. Rashin magana ba hauka ba ne, kuma shari'a tana karɓar ishara mai fahimta daga wanda ba ya iya furuci, har a ciniki. A tambaye shi gaban shaidu biyu, a jira amsarsa ko da da kai ne. Allah Ya ba shi lafiya, amin.