Fili Nawa Ne, Ina Ruwan Wani?

Ya ku masu karatu, bari mu yi tunani a kan wata magana da muke yawan ji a birane. Mutum ya sayi fili da guminsa, ya tara bulo, sai a ce masa ba zai aza tubali ba sai da izinin hukuma. Sai ya ce, "Fili nawa ne, ina ruwan wani?" Ko yana da gaskiya?

A gona, mai yiwuwa maganarsa ta yi kusa da gaskiya. Amma a birni ba haka ba ne, gama bangonka shi ne iyakar maƙwabcinka. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, da damina ruwan ɗakin wani zai shiga. Wanda ya kafa injin niƙa a jikin ɗakin kwanan maƙwabci ya hana shi barci. Wanda ya ci rabin titi ya hana motar da za ta kai mai naƙuda asibiti. Domin wannan ne hukuma takan raba gari a kan taswira: nan gidajen zama, can kasuwa, can masana'antu, nan kuma makaranta da hanya da lambatu. Ko a cikin Attaura an umarci mai sabon gida ya ja ƙaramin bango kewaye da rufinsa, kada wani ya faɗo. Ashe tun dā ginin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba.

Amma kada mu ce kowace dokar tsara gari adalci ce. A shekarar 1917, a zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar birane a Nijeriya. A ƙarƙashin tsarin nan akan bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Ba a tambayi kakanninmu ba. Daga nan mun koyi cewa taswira tana iya tsare maƙwabci, tana kuma iya korarsa. Bambancin yana ga wannan: an ji bakin mazauna wurin, ko ba a ji ba?

Ga yadda sha'anin yake a Nijeriya. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, amana domin jama'a, shi ne kuwa mai ba da takardar mallakar fili a cikin birni. A 1992 aka yi dokar tsara birane, wadda ta ce a nemi izini kafin a yi gini. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne, saboda haka kowace jiha da dokarta da hukumarta. Ku lura fa, takardu biyu ne. Takardar mallaka daban, izinin gini daban. Takardar ciniki da dillali ya rubuta, ko da mai unguwa ya sa hannu, ba ta zama ko ɗaya daga cikinsu ba.

Nan ne talaka yake faɗawa rami. Gwauruwa ta sayar da 'yan awakinta, ta sayi filin awon igiya a bayan gari, ba ta san taswira ta nuna titi ne zai bi ta nan ba. Wata rana sai ta tarar da jan fenti a bango, bayansa kuma katafila. Haka ya faru ga dubban mutane a Abuja tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, aka rushe unguwanni domin a komo ga taswirar 1979. Lalle akwai waɗanda suka karya doka da gangan. Amma da yawa ba su taɓa ganin taswirar da ido ba. Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya fi dare duhu.

To, laifin wa? Hukumar da ta rubuta doka da Turanci ta kulle a ofis tana da nata rabo. Amma mu da muka iya karatu fa? In muka ga makaho ya nufi rijiya muka yi shiru, ba za mu ce hannunmu tsarkakakke ne ba. Ilimin da aka ba mu bashi ne, ga marar karatu kuwa za mu biya shi.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Kafin ɗan'uwa ya biya kuɗin fili, mu raka shi ofishin filaye da na tsara birni a duba ko wurin na zama ne. Mu karanta masa takarda da Hausa, mu sa ya adana kowane rasit. In an kafa sanarwar sabon tsari, mu tara mutanen unguwa, Kirista da Musulmi, gama ambaliya ba ta tambayar addini, mu rubuta kukanmu kafin wa'adi ya wuce. Yin biyayya ga hukuma ba shi ne yin shiru ba. In kuwa aka ce a ba da cin hanci a kau da ido, mu ƙi, domin izinin da aka saya ba ya hana ruwa bin hanyarsa.

Mu kuma fara da gidanmu. Majami'armu tana da izinin gini? Lasifikarmu tana barin jaririn maƙwabci ya yi barci? Ba shi yiwuwa mu koya wa wasu abin da mu kanmu muke takewa.

Saboda haka, in wani ya sake cewa, "Fili nawa ne, ina ruwan wani?" sai mu amsa masa da hankali: "Filin naka ne, ɗan'uwa, amma garin namu ne duka. Zo mu je mu tambaya tukuna."