Shin Hujja Tana Maganin Ƙiyayya?

'Yan'uwa mata, ga wata tambaya da ta dace mu tsaya mu yi nazari a kanta: idan aka yi wa wata al'umma ƙazafi, shin kawo hujja kaɗai ya isa ya wanke ta a idon masu ƙin ta?

A Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918), Yahudawan ƙasar Jamus kimanin 100,000 ne suka yi aikin soja, wajen 12,000 daga cikinsu suka mutu. Duk da haka, ana tsakiyar yaƙin sai surutu ya bazu, wai Yahudawa suna zille wa fagen daga. A watan Oktoban 1916 ma'aikatar yaƙi ta ba da umarnin a ƙirga sojoji Yahudawa. Aka ƙirga, amma ba a bayyana sakamakon a lokacin ba, shirun nan kuwa ya ƙara wa zargin ƙarfi.

A 1919 tsofaffin sojojinsu suka kafa ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Leo Löwenstein don kare mutuncinsu. Suka yi ta raba takardu, har a 1932 suka buga littafi mai ɗauke da sunayen mamatansu. Shekara guda bayan haka Hitler ya hau mulki. Dokar 1933 da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati ta ɗaga wa waɗanda suka je fagen daga ƙafa, amma a ƙarshen 1935 su ma aka sallame su. Da yawansu a sansanonin kisa suka ƙare, lambobin yabon da suka samu ba su cece su ba.

To, sun yi kuskure ke nan? A'a. Ƙaryata ƙarya wajibi ne, kuma sunayen nan suna nan har yau a matsayin shaida. Sai dai fa, maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura. Mai zargi ne ya kamata ya kawo hujja, amma aka juya lamarin a kan wanda ake zargi. Sannan mutuncin ɗan Adam ba ladan yaƙi ba ne. Jariri da tsohuwar da ba su taɓa riƙe bindiga ba, su ma ai suna da haƙƙin a bar su su rayu.

Abin da ya yi ƙaranci a Jamus shi ne maƙwabtan da za su ce, "Wannan magana ƙarya ce." Don haka 'yar'uwa, duk ranar da kika ji an yi wa wata al'umma kuɗin goro da cewa "ai haka suke", ki tambayi mai maganar ina hujjarsa, musamman in yara suna saurare.